Yadda Ake Shan Amlodipine da Danginsa Don Ciwon Ƙirji Na Zuciya

Idan mutum yana jin ƙirjinsa ya ɗaure duk lokacin da ya hau gadar masu tafiya a ƙasa ta Oshodi a Legas, ko ya ɗauki buhun albasa a kasuwar Mile 12, amma ciwon ya lafa bayan ya huta na 'yan mintoci, likitoci suna kiran wannan anjaina. Kitse ne ya taru a jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini har suka tsuke, don haka jinin ba ya isarta a lokacin da take aiki da ƙarfi.

Daga cikin magungunan da ake bayarwa akwai masu tare hanyar sinadarin kalshiyam, wanda shi ne ke sa tsokar jijiya ta matse. Amlodipine da nifedipine suna buɗe jijiyoyi, verapamil da diltiazem kuwa bayan buɗe jijiyoyin suna kuma rage saurin bugun zuciya.

Abu na farko da ya kamata mai ciwon ya riƙe shi ne cewa waɗannan ƙwayoyi na rigakafi ne, ba sa kashe ciwo idan ya riga ya taso. A sha su kullum a lokaci guda, ko da an yi wata ba a ji komai ba. Akan fara amlodipine da miligiram 5 sau ɗaya a rana, likita yana iya ƙarawa zuwa 10, kuma tunda yana daɗewa a jiki, mai azumi zai iya shan sa da sahur ko da buɗa baki. Wanda ya manta har wata rana ta zagayo kada ya haɗa biyu. Nifedipine mai narkewa a hankali kuma a haɗiye shi ɗungurungum, ba a tauna shi, ba a fasa shi.

Kumburin idon sawu shi ne abin da ya fi tayar wa mutane da hankali, har wasu su ajiye maganin da kansu su koma jiƙo, abin da ke matuƙar damuna. Kumburin sananne ne ga amlodipine, kuma likita na iya rage yawan maganin ko ya sauya wani. Haka nan magungunan kan jawo ciwon kai da jiri da kumburin dasashi, sai taurin bayan gida ga masu shan verapamil.

A tafi asibiti da duk kwalayen magungunan da ake sha, domin haɗa verapamil da irin su atenolol, wanda shi ma ke rage bugun zuciya, yana iya sa bugun zuciya ya yi ƙasa sosai, kuma mai raunin zuciya ba a ba shi verapamil ko diltiazem. A guji lemon garehul, a kuma duba lambar NAFDAC kafin a saya a kemis.

Idan ciwon ya taso, a zauna a sa ƙwayar GTN, wato maganin da ke saurin buɗe jijiyoyi ya kashe ciwon, a ƙarƙashin harshe, in bai lafa ba a ƙara bayan minti 5. Wanda ya sha maganin ƙarfin maza irin sildenafil kada ya kusanci GTN. Idan minti 5 ya sake wucewa ciwon na nan, ko ya zo ana zaune tare da gumi da haki, a kira lambar gaggawa ta Legas, 112 ko 767, ko a garzaya asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba ko na LASUTH a Ikeja, wanda ya fi kusa, kuma kada mai ciwon ya tuƙa kansa.