Darasi na 7: Yadda Ake Ɗora Soso a Jikin Katangar Bulo

Soso ba ya iya kama bulo da kansa. Shuka ce mai yaɗo, tana fitar da siririn zare wanda yake neman abin da zai naɗe. A jikin dangar kara yana samu, amma a jikin bulo babu abin kamawa, sai ya zube ƙasa awaki su cinye. Saboda haka mu ne za mu yi masa hanya.

Idan ruwan shuka ya sauka, wato wajen watan Yuni a ƙasar Kano da Jigawa, ku auna taƙi 2 daga gindin katanga, ku haƙa rami. Taƙi shi ne tsawon buɗaɗɗen hannu daga babban yatsa zuwa na tsakiya. Ku cuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen takin gida, ku sa ƙwaya 3 a zurfin gaɓar yatsa ɗaya, ku rufe. Sannan ku kafa ƙusar kankare a saman katanga, a layin simintin da ke tsakanin bulo da bulo, domin tsakiyar bulo rami ne, yana iya fashewa. Ku ja igiya daga ƙusar zuwa wani turke da kuka kafa kusa da ramin.

Yanzu ga wurin da aka fi yin kuskure, wato ɗauri. Idan yaɗon ya kai kamu ɗaya, ku yagi tsumma mai laushi, ku ɗaura shi a jikin igiyar sako-sako. Ma'anar sako-sako ita ce yatsanku ya shiga tsakanin tsumman da karan shukar ya fita ba tare da wahala ba. Karan nan kullum ƙara kauri yake yi, idan aka matse shi tsumman zai shaƙe shi, ruwa ya kasa hawa, saman ya bushe. Ku ɗaura, ku sa yatsa. Idan bai shiga ba, ku kwance ku sake, babu kunya a cikin sakewa, ni ma sai da na kashe shuka kafin hannuna ya saba. Bayan mako guda ku koma ku sake sa yatsa.

Duk da haka, bara na zagaya gidajen ɗalibai na tarar da soso a ɗaure tamau kamar an ɗaure bakin buhu, wasu ma da waya. 'Yan'uwa, wannan ba rashin sani ba ne, gaggawa ce, kuma ban ji daɗinta ba. Tsumma aka ce, kuma a sa yatsa.

Idan ruwa ya ɗauke kwana biyu, ku yi ban ruwa da yamma a gindi.

Idan ɓawon soson ya bushe, 'ya'yan suna kaɗawa a ciki, ku tsinke, ku ɓare, ku ajiye iri.