Kafin ka je bayar da jini

Idan aka ce 'yar'uwarka mai naƙuda a babban asibitin Hadeja tana buƙatar jini, ka ci abinci, ko da fura ce, ka sha ruwa sosai kafin ka hau babur. Ma'aikacin asibiti zai auna nauyinka, sannan ya soki yatsanka domin ya duba yawan jininka. Ana mayar da wanda bai kai shekara 18 ba, ko nauyinsa bai kai kilo 50 ba, haka ma mai ciki da mai shayarwa da wanda zazzaɓin cizon sauro bai daɗe da sakinsa ba. Kada ka ɓoye ciwon hanta saboda kunyar dangi, domin gwaji zai nuna shi. Leda ɗaya ake ɗiba, wajen mililita 450, kuma ranar kada ka koma gona yin huɗa.