Yadda ake tsabtace kwale-kwale kafin a sauya masa ruwa

Duk masuncin da ya loda kwale-kwalensa a mota daga Shiroro ko Kainji zuwa dam ɗin Kangimi, ya sani ba shi kaɗai ya taho ba: ciyawar ruwa da irinta kan maƙale a jirgin su biyo shi. Kainuwar nan mai shunayyan fure 'yar Kudancin Amurka ce. A 1984 aka fara ganinta a ruwan Badagry, ga shi ta kai Kainji. Takan ninka kanta cikin kimanin mako biyu, irinta kuma sai ya kwanta a laka shekara 20 bai mutu ba. Kachalla kuwa, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, a tambayi mutanen Haɗeja da Nguru yadda ta toshe musu hanyoyin ruwa.

Aikin a kwatar da ka fito ake yin sa, ba inda za ka sauka ba. Ja jirgin kan tudu, ka tsince ciyawar da ta naɗe farfela, igiya da filafili. Kada ka mayar da ita ruwa. Tara ta inda ambaliya ba ta kaiwa, in ta bushe ka cinna mata wuta.

Inda sabbin shiga ke faɗuwa shi ne cikin jirgin. Sai yaro ya kwarfe ruwa da kwano, ya ce an gama. Leƙa ƙarƙashin katakon zama, sa yatsa a haɗin katakai, za ka ciro baƙar laka mai danƙo, nan iri ke ɓuya. Kife jirgin, kankare da buroshi mai tauri, ka ɗauraye a kan tudu. Ni ban yarda da soso ba, ba ya shiga lungu. Raga ta ma fi haɗari: ana cusa taru a buhu da danshinsa, tsiron da ya maƙale ya isa Kangimi ɗanye shar. Baza shi a rana, ka bi shi ido-ido.

Jirgi da raga su sha rana kwana biyar. A watan Agusta da hadarin Kaduna, ƙara kwanaki, ko ka kwarara ruwan zafi a lungunan jirgin. Na san itace ya yi tsada, kwanakin kuma ba kamu, amma fetur ɗin da inji ke sha cikin ciyawa ya fi wannan.

Ruwan bokitin ƙananan kifi a zubar a ƙasa. In ka hangi baƙuwar ciyawa, gaya wa sarkin ruwa ranar.