Kafin ka sayi sabon shokozoba, ɗauko tef ɗin awo

Masu babur ɗin tseren daji, saita bayan babur da nauyinka.

Ɗaga tayar baya sama, ka auna daga notin tsakiyarta zuwa wani tabo a madigadi. Sauke ta, ka hau da kwalkwali da takalmi, wani ya sake aunawa. A babban babur, bambancin ya tsaya milimita 100 zuwa 105. In ya wuce, ƙara matse sifirin shokozoba.

Taya tana son wurin nutsewa da wurin miƙewa cikin rami. Babur ɗina sai da na saita shi ya daina wurgi da ni a hanyar Kufena.

Amma fa, bayan ka saita, in ka sauka babur bai nutse da kansa ko milimita 25 ba, sifirin ya yi maka laushi. Matsewa ba za ta yi ba, canja shi.