Gano matsalar wayar sensa a injin tirela

Fitilar injin ta kama, mota ta rasa ƙarfi? Kafin ka nufi Panteka sayen sabuwar sensa (na'urar da ke auna yanayin injin), ɗauko mitar auna wuta. Sau da yawa sensar lafiyarta ƙalau, waya ce ta lalace.

1. Fara da batir. Tirela mai batir biyu za ta nuna wajen volt 25 a kashe, 27 zuwa 28 idan injin na aiki. In bai kai ba, duba altaneta da kan batir tukuna.

2. Duba fiyus.

3. Zare soket ɗin sensar ka haska ciki. Koren tsatsa, ruwan damina, ƙurar hunturu da ta cakuɗe da baƙin mai, ko fil da ya lanƙwashe, kowanne na iya rikita sigina. Wanke, ka bari ya bushe.

4. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba. Yawancin sensa masu waya uku na karɓar volt 5 daga ƙwaƙwalwar injin, wato kwamfutarsa. In mita ba ta nuna hakan a soket ɗin ba, riƙa zare sauran sensa ɗaya bayan ɗaya, domin sau da yawa layi ɗaya suke sha, mai shot tana janye wutar duka. Wadda ka zare wuta ta dawo, ita ce mai laifin. Kada ka gwada da fitilar gwaji, tana iya ƙona ƙwaƙwalwar, kuma kuɗinta ba wasa ba.

5. Mayar da soket. A yawancin irin wannan sensa, wayar sigina ta tsaya tsakanin volt 0.5 da 4.5. Girgiza wayoyin kana kallon mita, musamman inda suke gogar ƙarfe. Inda lamba ta yi tsalle, nan za ka yanke, ka yi solda, ka naɗe.