Yadda ake shawo kan naitirait a tafkin kifin koi a Abuja

Ruwa na iya zama garau, ana hango ƙasan tafki, amma kifi na shan guba a cikinsa. Gubar nan ita ce naitirait, ba ta da launi, ba ta da wari. Kashin kifi da ragowar abinci ne ke zama amoniya, wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a cikin filta su mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait ɗin naitiret, wadda cutarta kaɗan ce. Idan rukuni na biyu ya gaza, naitirait ta taru, ta shiga jinin kifi ta hana shi ɗaukar iskar oksijin. Sai ka ga koi, wato kifin ado mai launuka da ake kiwo a tafki, na haki a saman ruwa ko ya lafe inda ruwa ke zubowa.

Fara da gwaji. Sayi kayan gwajin ruwa na ɗigawa, sun fi na tsinken takarda gaskiya. Amoniya da naitirait sifili ake so. Da ka ga naitirait ta kai miligiram 0.25 a lita, kada ka bari sai gobe.

Daina ba su abinci nan take. Koi ba ya mutuwa don ya yi kwana uku bai ci ba, tausayin da ke sa a ci gaba da watsa abinci shi ke ƙarasa shi.

Sai canjin ruwa: kwashe kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, ka zuba sabo, ka maimaita kullum har gwaji ya sauka. Ruwan famfon Abuja, wanda ake tacewa daga madatsar Usuma, yana ɗauke da kulorin da ke kashe bakteriyar filta. Sa maganin cire kulorin kafin ka zuba. Na burtsatse kuma yakan fito da ƙarancin iska, don haka a watsa shi daga sama.

Bayan haka gishiri, kilo 1 a kowace lita 1,000. A nemi wanda ba a gauraya shi da komai ba, a narkar da shi a bokiti tukuna. Gishiri ba ya kawar da naitirait, gwaji zai ci gaba da nuna ta. Abin da yake yi shi ne hana ta shiga jinin kifi. Kuma ba ya bin tururi, saboda haka idan ka canja ruwa, gishirin da ya dace da yawan ruwan da ka kwashe kawai za ka ƙara.

A ganina babbar matsalarmu a nan wuta ce. Bakteriyar filta da iska take rayuwa, idan injin ruwa ya tsaya na sa'o'i sai ta fara mutuwa, kwana kaɗan naitirait ta hau. Abin ya fi muni a Maris da Afrilu, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai. Kafin ka sayi kifi mai tsada, haɗa injin ruwa da na hura iska da sola ko inbata.

Kada ka wanke soson filta da ruwan famfo. Ɗebi ruwan tafkin a bokiti ka ɗauraye shi sama-sama. Sabon tafki kuwa yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin bakteriya ta kafu, don haka fara da kifi biyu ko uku, kana gwadawa duk bayan kwana biyu, sai sifili ya tabbata sannan ka ƙara.