Yadda na hana katako tsagewa wurin buga ƙusa

Ɗan benci nake haɗa wa yara da farin katako daga babbar kasuwar Maradi. Hunturu ya busar da shi ƙayau, duk ƙusar da na buga kusa da baki sai ya tsage.

Wani tsohon kafinta a unguwarmu ya ce, "Ɗana, tsinin ne ke raba jijiyar itacen." Sai na riƙa kifa ƙusar, in ɗan daki tsininta da guduma har ya dakushe. Dakusasshiya murƙushe jijiyar take yi, ba ta buɗa ta. Na bar faɗin yatsa biyu daga baki, ban kuma jera ƙusa biyu kan jijiya ɗaya ba. Wannan, a ganina, shi ya fi taimakawa. Ƙafafu huɗun sun kamu, babu tsaga.